Naɗar shirin talabijin na HD a faifai ba tare da hoto da sauti sun lalace ba

Duk wanda ya bi hanyar Ringim zuwa Taura, ko ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari, zai ga yadda kwandunan tauraron ɗan adam suka yawaita a kan rufin gidaje da shaguna, kuma a ƙarƙashin yawancinsu akwai talabijin mai faffaɗar fuska da sola ko ƙaramin janareta ke ɗauke da shi. Jama'a sun saba ganin sallar tarawihi daga Makka da Madina tar-tar, har ana iya karanta rubutun da ke jikin rigar Ka'aba, kuma idan aka nuna hawan sallah ko zagayen ƙarshe na musabaƙar Alƙur'ani, sai mutum ya ji yana son ya adana abin domin 'ya'yansa. Matsalar tana bayyana ne bayan an ɗora shirin a faifai. Hoton da ya fito garau a daren da aka nuna shi sai ya koma dishi-dishi, fuskokin mutane su narke, rubutun ƙasan allo ya ƙi karantuwa, muryar mai karatu kuma ta riƙa shaƙewa ko ta riga motsin bakinsa. Yawancin mutane faifan suke zargi, ko su ce talabijin ne ya fara gajiya. A mafi yawan lokuta kuwa faifan ba shi da laifi, domin an riga an yi ɓarnar tun kafin shirin ya iso kansa.

Sai an san girman abin da ake ƙoƙarin adanawa kafin a gane inda yake zubewa. Hoton talabijin tarin ɗige-ɗige ne da aka jera. Cikakken hoton HD, wato hoto mai kaifi sosai, yana da ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi, wato ɗigo 2,073,600 a kowane hoto guda, ƙaraminsa kuma yana da 1280 da 720. Faifan DVD na bidiyo, a tsarin PAL da Najeriya ke bi, ba ya wuce 720 da 576, wato ɗigo 414,720, kashi ɗaya cikin biyar daidai na cikakken HD. Faifan VCD da aka daɗe ana sayar da fina-finan Hausa a kansa yana da 352 da 288 ne kacal, kusan kashi ɗaya cikin ashirin. Saboda haka duk wanda ya ce zai mayar da shirin HD zuwa DVD irin wanda tsohuwar na'urar gida ke karantawa ya riga ya yarda da zubar da kashi huɗu cikin biyar na hoton, ko da kuwa ya fi kowa iya aikin. DVD ya fito kasuwa ne a Japan a 1996, lokacin da akwatin talabijin mai ƙugu shi ne a kowane gida, kuma domin irin wannan akwati aka tsara shi.

Amma yawan ɗigo ba shi ne babbar ƙofar asara ba. Babbar ƙofar ita ce sake matsewa. Babu tashar da ke aiko da hoto ɗanye, domin ɗanyen hoton HD yana cin fiye da megabit (ma'aunin yawan bayanai) dubu a kowace daƙiƙa, alhali abin da ke sauka ta kwando yawanci bai fi megabit 5 zuwa 12 ba. Ana cimma wannan ne ta hanyar matse hoton da tsarin H.264, wanda ke jefar da abubuwan da ido ba ya saurin lura da su, kuma abin da aka jefar ba ya dawowa. Matsewar farko, wadda tasha ke yi da manyan na'urori, ido yana jure mata. Idan aka warware hoton aka sake matse shi, matsewa ta biyu za ta ɗauki ƙananan tabon da ta farko ta bari a matsayin wani ɓangare na hoton, ta kashe ƙarfinta wajen adana su, sannan ta ƙara nata tabon a kai. Ta uku ta fi ta biyu muni. Lamarin kamar nono ne da aka tsuga wa ruwa: ana iya juye shi a babbar ƙwarya, amma girman ƙwaryar ba ya dawo masa da kaurinsa. Shi ya sa mutum zai ɗauki bidiyon da ya bi ta hannu uku ya ɗora shi a faifan Blu-ray mai tsada, wanda aka yi domin HD, ya ga bai ƙara kyau ko kaɗan ba. Ni a wurina duk zancen naɗar talabijin a nan ya tattara: bayanan da tasha ta aiko su ne kwafi mafi kyau da mutum zai taɓa samu, kuma aikin mai naɗa shi ne ya kai su kan faifai yadda suka zo, ba tare da ya taɓa cikinsu ba.

Hanyar da aka fi bi a garuruwanmu ita ce ta fi kowace ɓarna. Ana jona wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, daga bayan risiba zuwa na'urar naɗar DVD ko zuwa wani ɗan akwati da ke shiga kwamfuta. Wayar rawaya ba ta iya ɗaukar HD sam. Kafin hoton ya shige ta, risiba ta riga ta rage shi zuwa layi 576, ta cakuɗa haske da launi a zare ɗaya, shi ya sa ake ganin launi yana malala a gefen jajayen riguna, ana kuma ganin ɗige-ɗige na rawa a gefen rubutu. Daga nan na'urar naɗa za ta sake matse shi nan take, ba tare da ta samu damar nazarin hoton ba. Mai shago kuma, don ya cusa shiri mai tsawo a faifai ɗaya, sai ya zaɓi LP ko EP, masu ɗaukar sa'a huɗu ko shida, maimakon XP mai sa'a ɗaya ko SP mai sa'a biyu. Sa'a huɗu a faifai ɗaya na nufin kowace daƙiƙa ba ta samun fiye da kimanin megabit 2.6, hoto da sauti a haɗe, kuma da tsohon tsarin MPEG-2 wanda bai kai H.264 iya tattali ba. Wurin da dawakai ke sukuwa ƙura na tashi, nan ne hoton zai farfashe ya koma murabba'i-murabba'i, domin motsi da ƙura da taron jama'a su ne suka fi komai cin bayanai.

Wasu sukan ce to a bi ta wayar HDMI mana, tunda ita tana ɗaukar cikakken hoto. Gaskiya ne tana ɗauka, amma abin da ke bin ta hoto ne da risiba ta riga ta warware, saboda haka duk na'urar da za ta kama shi dole ta sake matsewa. Ban da haka, dikodojin tashoshin biya suna rufe wannan hanya da makullin da ake kira HDCP, wanda kamfanin Intel ya ƙirƙira musamman don hana kwafa. Idan babu wata mafita, kamun HDMI daga tashar da ba a kulle ba ya fi wayar rawaya nesa ba kusa ba, amma shi ma zaɓi na biyu ne.

Zaɓi na farko yana nan a jikin risibar da mutane da yawa suka mallaka ba su sani ba. Yawancin risibobin tashoshin kyauta, irin su Strong da makamantanta da ake sayarwa a Sabon Gari da sauran kasuwannin Kano, suna da ƙofar USB, kuma a jikin rimot akwai jan maɓallin naɗa. Idan aka sa filash ko rumbun ajiya na waje aka danna wannan maɓalli, risiba ba ta matse komai. Tana kwashe bayanan ne kamar yadda suka sauko daga tauraron, ta zuba su a fayil mai ƙarewa da .ts ko wani suna mai kama da shi. Wannan fayil ba kwaikwayon shirin ba ne, shi ne shirin kansa, hoto da sauti, har da harsuna daban-daban idan tashar ta aiko da su. Wanda ya kunna shi bayan shekara goma zai ga abin da ya gani a daren farko, ba ragi.

Akwai abubuwan da ke ɓata wannan naɗi, kuma dukansu na gida ne. Filash na jabu ya cika kasuwa: yana nuna gigabait 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, kuma idan ya cika ba ya faɗa, sai ya ci gaba da karɓa yana zubarwa, mutum bai sani ba sai ranar da ya zo kunnawa. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna H2testw da ke cika filash ta sake karanta shi don tabbatar da ainihin girmansa, kuma ya kamata a gwada kowane sabon filash da ita kafin a ba shi amanar abin da ba za a sake nunawa ba. Sai FAT32, tsarin da ake shirya filash da shi, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, dalilin da ya sa risiba ke yanyanka dogon shiri gida-gida. Idan risibar tana karanta tsarin NTFS, wanda ba shi da wannan iyaka, gara a shirya rumbun da shi. Idan ba ta yi, a kwashe dukan gutsattsarin tare, a haɗa su bi da bi kafin a yi musu komai, domin wurin yankan yakan faɗo ne a tsakiyar hoto. Sai wuta. Idan ta ɗauke ana tsakiyar naɗi, ba ragowar shirin kaɗai ake rasawa ba, wani lokaci rumbun duka ke rikicewa. Risiba ba ta cin wuta sosai, don haka ɗora ta a kan inbata ko batirin sola a daren naɗi ba wani nauyi ba ne.

Dikodojin biya irin na DStv labarinsu daban ne. Abin da suka naɗa yana kulle a cikinsu, ana kallonsa a kansu amma ba a fitar da shi, kuma ba na ba kowa shawarar neman hanyar fasa makullin. Haka nan duk abin da nake bayani a kai na ajiyar gida ne. Wanda ya naɗi shirin wata tasha ko fim ɗin wasu ya buga shi da yawa yana sayarwa ranar kasuwa ya ci haƙƙin mutane, kuma mun ga yadda satar fasaha ta taimaka wajen durƙusar da kasuwar faifan fina-finai a Kano. Najeriya tana da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, amma ko babu doka, haƙƙi haƙƙi ne.

Tun da risiba abin da ya sauko take kwashewa, duk aibin da ya sauko da shi zai zauna a fayil har abada. A bayanin sigina akwai layi biyu, ɗaya na ƙarfi ɗaya na inganci, kuma na ingancin shi ne abin dubawa, domin ƙarfi yana iya cika alhali inganci na gab da faɗuwa. Siginar dijital ba ta raguwa a hankali kamar ta da, wadda ke yin yayyafi amma ana ci gaba da kallo. Tana nan lafiya har ta kai wani gaci, sannan hoto ya daskare, sauti ya yi ƙara ya yanke. Yawancin ƙananan kwandunanmu na zangon siginar da ake kira Ku ne, wanda ruwan sama mai ƙarfi ke raunana shi, saboda haka kwandon da aka saita shi da ƙyar a watan Maris zai ba da kunya a watan Agusta. Guguwar farkon damina ma takan ɗan karkatar da kwando ba tare da an lura ba, ruwa kuma yakan shiga mahaɗin waya a bakin LNB, wato na'urar da ke gaban kwando mai kama sigina, ya yi tsatsa. Kafin azumi ko sallah, a kira mai saiti ya ƙara ɗaure kwandon, ya canza kan wayar idan ya yi baƙi, ya naɗe shi da tef. Kwando mai ɗan girma yana ba da rarar da ke riƙe hoto idan hadari ya taso.

A nan ya kamata in ja hankali kan wani ruɗi. Ba duk abin da talabijin ya rubuta wa 1080 ne HD ba. Risiba takan buɗa ƙaramin hoto ya cika allo, talabijin kuma ya ba da rahoton abin da risiba ta miƙo masa, ba abin da tasha ta aiko ba. Komawar Najeriya tsarin dijital, wadda aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilun 2016 ta kuma iso Kano a ƙarshen 2021, ba ta nufin kowace tasha ta koma HD, domin dijital daban, HD daban. Manhajar MediaInfo tana buɗe fayil ta faɗi gaskiyarsa: yawan ɗigo, tsarin matsewa, megabit nawa a daƙiƙa, da irin sautin da ke ciki. Idan ta nuna 720 da 576, to shirin ba HD ba ne tun asali, kuma buɗa shi zuwa 1080 kafin a ɗora a faifai ɓarna ce biyu, an cinye wuri kuma an sake matsewa.

Da wannan bayani ne ake zaɓar faifai, kuma lissafin ba shi da wuya. Shirin da ke gudu a megabit 8 yana cin megabait ɗaya a kowace daƙiƙa, wato gigabait 3.6 a sa'a. DVD mai shafi ɗaya, wato hawa ɗaya na rubutu a cikinsa, yana ɗaukar gigabait 4.7, wanda kwamfuta ke nunawa a matsayin 4.38 saboda bambancin ƙidaya, don haka zai ɗauki kimanin minti 78 na irin wannan shiri. Mai shafi biyu yana ɗaukar 8.5. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, yana ɗaukar 25 a shafi ɗaya da 50 a shafi biyu, saboda hasken lezarsa mai tsawon zango nanomita 405 ya fi jan hasken DVD mai 650 siranta, yana rubutu ƙanana a matse. Faifai ɗaya mai gigabait 25 zai ɗauki kusan sa'a bakwai na shirin nan.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, faifan DVD da tsarin bidiyon DVD ba abu ɗaya ba ne. Faifan mazubi ne kawai. Ana iya ɗora fayil ɗin HD a kansa a matsayin bayanai, kamar yadda ake ɗora takardu ko hotuna, ya zauna da cikakken kyansa, kwamfuta ta kunna shi da manhajar VLC ko a kwafe shi zuwa filash a sa a talabijin. A karkara irin tamu, inda samun faifan Blu-ray da na'urar buga shi sai an shiga Kano an yi cigiya, wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita. Idan shirin ya fi faifai ɗaya, a raba shi biyu a sa a faifai biyu. Kuɗin faifai na biyu bai kai darajar abin da za a zubar don a cusa shi a ɗaya ba. Akwai kuma tsarin AVCHD da kamfanonin Sony da Panasonic suka fitar a 2006, wanda ke ba da damar shirya hoton HD a kan faifan DVD yadda na'urorin Blu-ray da yawa za su kunna shi, har da PlayStation 3 da 4 da ake samu a shagunan gem. Manhajar tsMuxeR tana shirya fayil ɗin risiba zuwa AVCHD ko Blu-ray ba tare da ta taɓa hoton ba. Sai dai ba kowane shirin tasha ne ke dacewa da ƙa'idojin waɗannan na'urori ba, musamman wanda aka matse da sabon tsarin H.265, don haka a fara gwadawa da faifai mai goguwa. Kada kuma a sa faifan AVCHD a tsohuwar na'urar DVD, ba za ta karanta shi ba, kuma yana iya maƙalewa a ciki.

Yanke talla da ragowar shirin baya ma ba ya buƙatar sake matsewa. Avidemux da LosslessCut suna yanka su kwafe ba tare da sun warware hoton ba, muddin an zaɓi kwafa a ɓangaren hoto da na sauti. Sharaɗi ɗaya ne: a bidiyon da aka matse, cikakken hoto yana zuwa ne jefi-jefi, yawanci bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu, sauran kuma bayanin abin da ya canza ne kawai, don haka yanka mai tsabta sai a kan cikakken hoton. Gara a bar rabin daƙiƙar talla a farkon shiri da a sake matse sa'a guda don a kawar da ita. MKVToolNix kuma tana sauya wa fayil mazubi daga .ts zuwa .mkv ba tare da asara ba. HandBrake manhaja ce mai kyau a wurinta, amma kullum sai ta sake matse hoto, kuma haka duk manhajojin da masu tura fina-finai a waya ke amfani da su don rage nauyin bidiyo.

Duk da haka akwai gidajen da tsohuwar na'urar DVD ce kaɗai a cikinsu, kuma ba daidai ba ne a hana dattijo kallon abin da yake so saboda ana kishin ɗige-ɗige. Wani dattijo a unguwarmu ya taɓa ce mini: "Malam, ni dai in ji karatun da kyau, in kuma gane limamin." Na ce masa: "Baba, za a yi maka naka, amma za mu ajiye na asalin saboda jikoki." Haka ya kamata a yi. A sauya sau ɗaya tak, daga fayil na asali, ba daga kwafin da ya bi ta WhatsApp ba, domin WhatsApp yana matse duk bidiyon da aka tura ta hanyar da aka saba, sai fa idan an tura shi a matsayin takarda, wato document. A zaɓi PAL mai hoto 25 a daƙiƙa, kada a bari manhaja ta mayar da shi NTSC na Amurka mai kusan 30, domin ƙarin hotunan da za ta cusa su ke sa motsi ya riƙa tsalle. Shirin HD irin wanda ake kira 1080i yana zuwa ne rabi-rabi, rabin hoto 50 a daƙiƙa, kuma idan aka juya jerin waɗannan rabin aka sa na biyu a gaban na farko, duk abin da ke motsi zai riƙa karkarwa. A tabbatar an sa alamar 16:9 ta faffaɗan allo, in ba haka ba mutane su fito dogaye sirara. A sa manhaja ta bi shirin sau biyu, zagayen farko na nazari na biyu na matsewa, kuma kada a wuce sa'a biyu a faifai mai shafi ɗaya. Iyakar abin da tsarin DVD ke bai wa hoto megabit 9.8 ne, amma wasu tsofaffin na'urori suna sarƙewa da faifan gida idan aka kusanci wannan iyaka, don haka 7 zuwa 8 ya wadatar ga shirin sa'a ɗaya.

Sauti ne aka fi wulaƙantawa, alhali a yawancin abin da mutanenmu ke naɗa, tafsiri da karatu da wa'azi da waƙoƙin fada, shi ne jigon shirin. Ido yana haƙuri da hoto mai rauni, amma kunne ba ya haƙuri da murya mai tsatsa, kuma mai sauraron karatun Alƙur'ani yana bin mafitar kowane harafi ne, yana son ya bambance sin da sad, wanda kuwa irin wannan siririn sauti shi matsewa ke fara cinyewa. Abin takaici shi ne ba a samun wani wurin kirki da rage sauti. Sauti mai kilobit 256 a daƙiƙa bai wuce megabait 115 a sa'a ba, ɗan ƙanƙanin abu a gefen gigabait uku da rabi na hoto. Tashoshi suna aiko da sauti a tsarin MP2 ko AAC ko AC-3, wanda aka fi sani da Dolby Digital. Idan faifan bayanai za a yi, a kwafe shi yadda yake. Idan DVD na bidiyo ne ko Blu-ray, AC-3 yana shiga kai tsaye, amma AAC ba ya cikin abin da suke karɓa a matsayin babban sauti, dole a sauya shi. A nan a zaɓi AC-3 mai kilobit 256 ko fiye, ko kuma LPCM wanda ba a matse shi sam, mai cin kilobit 1536, kusan megabait 690 a sa'a, idan akwai wuri. Sautin talabijin ana ɗaukarsa ne sau 48,000 a daƙiƙa, na faifan waƙa na CD kuma 44,100, kuma babu dalilin sauya na farko zuwa na biyu.

Akwai wata al'ada da nake roƙon masu shaguna su daina, wato ƙara wa sauti ƙarfi a kwamfuta don faifai ya yi amo. Sautin dijital yana da rufin da ba ya wucewa. Idan aka tura shi sama da rufin, sai a yanke kawunan muryar, kuma shi ne tsagewar da ake ji duk lokacin da mai wa'azi ya ɗaga murya ko aka busa algaita. Rage ƙarar talabijin daga baya ba ya gyara wannan, domin tsagewar ta riga ta zauna a faifai. Mai son ƙara ya murɗa lasifikarsa. Haka nan ƙara amsa-kuwwa a kan karatun da aka naɗo daga masallaci mai nasa amon yana dagula haruffa ne kawai. Saɓanin murya da baki kuma yakan samo asali ne daga wurin da sigina ta yanke a lokacin naɗi, ko daga raba hoto da sauti a gyara su daban-daban. Fayil ɗin .ts yana ɗauke da alamomin lokaci da ke riƙe su tare, kuma idan saɓanin daidai yake daga farko zuwa ƙarshe, MKVToolNix tana iya matsar da sautin gaba ko baya ba tare da an sake matse komai ba. Kafin a buga faifai a saurari farko da tsakiya da ƙarshe, a kuma tabbatar harshen da ake so aka ɗauka idan tashar tana da fiye da ɗaya.

Wajen bugawa, gaggawa ce ke kawo asara. Faifan da aka rubuta wa 16x, wato iyakar saurin bugunsa, ba dole ne a buga shi a 16x ba, 6x ko 8x ya fi kwanciyar hankali, musamman da na'urar da ta sha ƙurar hunturu. A zaɓi UDF a matsayin tsarin jera fayil a faifai, domin tsohon tsarin ISO 9660 ba ya son fayil mai gigabait 4 ko fiye, AVCHD da Blu-ray kuma UDF 2.50 suke buƙata. Kada a cika faifai maƙil, domin gefensa na waje ne ya fi saurin samun matsala, a faifai mai araha musamman. Manhajar ImgBurn tana da zaɓin sake karanta faifan bayan bugu ta gwada shi da fayil na asali, kuma 'yan mintunan da wannan ke ci su ne kaɗai shaidar cewa abin ya zauna. Kwamfutar ma ta kasance a kan batir ko inbata, domin faifan da wuta ta yanke masa a tsakiya ya tashi aiki.

Faifan DVD da ake bugawa a gida ba irin na kamfani ba ne da ake matsawa da inji. Rubutunsa yana kan wani siririn rini ne da leza ke ƙonawa, kuma zafi da hasken rana da laima suna cin wannan rini a hankali. A yankin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano ba sili, ko gaban mota, ko tagar shago, ba wurin ajiye faifai ba ne. A sa kowane faifai a gidansa na roba, a jera su a tsaye cikin akwati a ɗakin da ya fi sanyi, kuma ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na siminti da kwano a wannan fanni, in dai ba ya yoyo da damina. A riƙe faifai ta gefe, a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa waje, ba a zagaye ba, domin ƙarcen da ya bi layin rubutu ya fi wanda ya ratsa shi illa. A rubuta sunan shiri da tasha da kwanan wata da alƙalamin faifai mai taushin baki, kada a manna takarda. Akwai faifan M-DISC da aka yi shi ba da rini ba don ya daɗe, amma yana da tsada kuma buga na DVD ɗinsa sai da na'urar da ta dace da shi. Abin da ya fi sauƙi a gare mu shi ne a buga kwafi biyu a faifai na kamfanoni daban-daban, a ajiye ɗaya a wani gida, a bar fayil na asali a rumbun ajiya, sannan duk shekara bayan damina a fito da faifan a kwafe shi zuwa kwamfuta don a ga ko yana karantuwa har ƙarshe. Wanda ya fara jinkiri ko sarƙewa a sake buga shi nan da nan daga ɗan'uwansa, tunda kwafar fayil daga faifai zuwa faifai ba ta rage komai. Sabbin kwamfutocin hannu kuma yawancinsu ba sa zuwa da wurin sa faifai, don haka mai tara faifai ya nemi na'urar karantawa ta waje mai shiga USB tun ana samunta a kasuwa, ya ajiye ta a leda saboda ƙura.